Littafin aiki: direban akwatin firjin rigakafi, tsakanin tantance rubutu da gadin lokacin aiki

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Na buɗe wannan littafi ne saboda gardamar da muke yi da abokin aikina ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Na ga gara a riƙa rubuta abin da ya faru a kan tebur da a ci gaba da musun baki.

Aikin dai shi ne ƙaramin akwati da za a maƙala a jikin firjin alluran rigakafi mai aiki da hasken rana, a ƙananan asibitocin karkara. Akwatin ba ya sarrafa firjin. Sa ido kawai yake: ya karanta ƙarfin batir da sanyin cikin firji, in abu ya fara taɓarɓarewa ya tura saƙo ta layin waya. A cikinsa akwai allo mai ƙwaƙwalwar ARM Cortex-A53 da memori megabayit 512, yana tafiya a kan Linux 6.12. Ma'aunin yana haɗe da allon ta USB, ni kuma na rubuta masa direba, wato kod ɗin da ke sa Linux ya iya magana da shi, da harshen C, layi dubu da ɗari biyu da 'yan kai, yana zaune a cikin kanel, wato zuciyar Linux mai iko da komai na na'urar.

Zaman cikin kanel ɗin nan shi ke hana ni barci. Manhajar da ke waje in ta yi kuskure, kanel zai kashe ta, a sake kunna ta, shi ke nan. Direba kuwa babu kowa a samansa. In ya rubuta inda bai kamata ba, memorin kanel ne ya ɓata, kuma wanda ya gane hanyar sa shi yin hakan da gangan ya mallaki na'urar gaba ɗaya.

Abokin aikina ya ce, "Injiniya, gani ya kori ji. A kunna shi da masu gadi, manhajojin da ke kama kuskure yayin da kod ke tafiya, a matsa masa lamba, abin da ya fashe a gyara. Waɗannan manhajojin naka masu karanta kod ba su da aiki sai ihun ƙarya." Ni kuma ina ganin gwaji ba ya nuna maka komai sai hanyar da ka bi da ƙafarka. Mun amince a kan abu ɗaya: duk kuskuren da aka samu, zan rubuta wane kayan aiki ne ya kama shi, wane ne kuma ya wuce ta kansa bai gani ba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na fara da Sparse, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2003. Ba ya kunna kod, karanta shi kawai yake yi, kuma `make C=2` ya isa a sa shi aiki. Minti bai cika ba ya kawo abu biyu.

Na farko: filin tsayin saƙo da ma'aunin ke aikowa na ayyana shi `__le16`, amma na yi amfani da shi kai tsaye ban bi da shi ta `le16_to_cpu` ba. A kan allonmu da kwamfutata duka ƙaramin bayit ne ke zuwa farko, saboda haka ko shekara goma muka yi muna gwaji wannan ba zai taɓa nuna kansa ba. Sai ranar da wani ya ɗauki direban ya kai shi na'ura mai jera bayit ta ɗaya hanyar. Ba shi da haɗari gare mu yau, na dai gyara.

Na biyu ya fi nauyi. A cikin `ioctl`, ƙofar da manhajar waje ke aiko wa direba umarni, akwai wurin da na karanta manunin (adireshin memori) da manhajar waje ta miƙo kai tsaye, ban bi ta `copy_from_user` ba. Sparse ya gane ne don manunin yana ɗauke da alamar `__user`. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda wannan layin ya yi wata biyu yana aiki lafiya a kan allon. Na bincika: kariyar da ke hana kanel taɓa memorin manhajoji kai tsaye, wato PAN, ta shigo ne da ARMv8.1, Cortex-A53 kuwa ARMv8.0 ne. Linux yana da hanyar kwaikwayon kariyar, `CONFIG_ARM64_SW_TTBR0_PAN`, amma a saitin kanel ɗin da ya zo da allon a kashe take. Ma'ana duk manhajar da ta iya buɗe na'urarmu tana iya miƙo adireshin cikin kanel a matsayin nata, direba ya karanto mata. Na gyara layin, na kunna kariyar.

Na nuna wa abokin aikina. Ya ce da mun gwada a kan x86 mai SMAP, irin wannan kariyar ta can, da ya faɗi nan take. Gaskiyarsa, amma ba mu gwada ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Mako guda a kan Smatch da Coccinelle.

Smatch na Dan Carpenter ne, a kan Sparse aka gina shi, amma ya fi shi zurfi nesa ba kusa ba: yana bin darajar kowane abu daga fankishan zuwa fankishan, yana tara abin da ya koya a rumbun bayanai. Gina rumbun na dukan kanel yana cin awoyi a kwamfutata. Sau biyu ana ɗauke wuta batir ya ƙare kafin ya gama, sai a karo na uku da na kwana a ofis na jona da inbata.

Abin da ya kamo duk a hanyoyin ja da baya suke, wato layukan da ake bi in wani abu ya ƙi yiwuwa a tsakiyar `probe`, fankishan ɗin da ke karɓar na'ura in an soka ta. Fankishan ɗin da ke yi wa na'ura rajista da hwmon, sashen kanel mai kula da ma'aunai, in ya gaza ba NULL yake dawowa da shi ba, lambar kuskure ce a naɗe cikin manuni, ni kuwa NULL nake dubawa. Sai kuma wani `goto` da ya tsallake sakin URB ɗaya, wato ƙunshin da direba ke aika buƙata ta USB da shi. Waɗannan layuka ba a taɓa bin su ba ko sau ɗaya tun da aka rubuta su, domin a kan teburina memori ba ya ƙarewa, rajista ba ta gazawa. Mai gadi ba zai kama ɓarawo a lungun da ba a taɓa ajiye shi ba. Akwai hanyar tilasta wa `kmalloc` ya gaza da gangan don a bi irin waɗannan layuka, amma sai ka tuna ka yi, Smatch kuwa bai jira na tuna ba.

Coccinelle, wanda Julia Lawall da abokan aikinta suka raya a Faransa, wani iri ne daban. Kai ne za ka zana masa siffar kuskuren, shi kuma ya nemo duk inda siffar ta bayyana. Dokokin da ke zuwa da kanel sun sake nuna mini matsalar NULL ɗin nan, da wasu ƙananan gyare-gyaren tsafta.

Sai batun ihun ƙarya, wanda dole in ba abokin aikina gaskiyarsa. Cikin gargaɗi goma sha ɗaya da Smatch ya bayar, biyu na gyara, tara na rubuta musu "ba matsala" na wuce. Wannan ba sakacin masu rubuta shi ba ne. Tun 1953 Henry Rice ya tabbatar da cewa babu wata manhaja da za ta iya yanke hukunci daidai a kan halin kowace manhaja ta hanyar karanta ta kawai. Dole mai tantancewa ya zaɓi ɗaya: ko ya yi ihu duk inda ya yi shakka, mutane su gaji su daina saurarensa, ko ya yi shiru inda ya yi shakka, wasu kurakurai su sulale.

Talata, 4 ga Fabrairu

Yanzu zagayen masu gadi. Na gina kanel mai KASAN, mai kama taɓa memorin da ba halal ba, a cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, na haɗa `dummy_hcd` da `raw-gadget` don in ƙirƙiri ma'aunin bogi wanda zan iya sa shi faɗin duk abin da na ga dama. Da irin wannan haɗin ne syzkaller na Google ke gwada direbobin USB.

KASAN ya shiga Linux 4.0 a 2015, kuma yadda yake aiki yana burge ni. Yana ware kashi ɗaya cikin takwas na memori a matsayin inuwa: kowane bayit ɗaya na inuwa yana ba da labarin bayit takwas na ainihi. Sifili na nufin duka takwas ɗin halal ne a taɓa, lamba daga 1 zuwa 7 na nufin na farko-farko kaɗai, lamba mai ragi kuwa haramun ne gaba ɗaya. Kwamfaila tana dasa ɗan bincike kafin kowane karatu da kowane rubutu, a leƙa inuwa tukuna.

Kwana huɗu na yi ina tura masa saƙonni na gaskiya irin waɗanda ma'aunin ke aikowa. Shiru kake ji. Da a nan na tsaya da na rubuta cewa KASAN ya wanke direban.

Jiya na sa ma'aunin bogi ya yi ƙarya. Saƙon USB ɗinmu bayit 64 ne, huɗu na kai, sauran na bayanai. Na sa ya ce tsayin bayanansa 200. Nan take: `slab-out-of-bounds`, karatun bayit 200 daga ma'aji mai 64. Na yarda da lambar da na'urar waje ta faɗa na miƙa wa `memcpy` ba tare da na auna ta ba. Duk wanda ya samu minti biyu da akwatin a ɗakin ajiyar magani, ya zare ma'auni ya soka abin da ya haɗa, ya shiga kanel.

Babu ɗaya cikin masu tantancewa uku da ya ce uffan a kan wannan layin, kuma ina jin na gane dalili. In ka karanta kod ɗin, babu layin da ke zuba bayanai a cikin wannan ma'aji. An nemo shi, an miƙa wa URB, daga baya an karanta. Mai zubawar na'ura ce, ta DMA, wato kai tsaye cikin memori, a wajen duk abin da ke rubuce.

Amma yau na ci karo da abin da ya rage mini dogaro da KASAN shi ma. Kafin in gyara, na gwada tsayi 60. Wannan bai wuce ma'ajin da ake karantawa ba, sai dai inda ake zubawa fili ne mai bayit 32 a tsakiyar babban tsarin bayanan direba. An yi ambaliyar bayit 28, KASAN bai motsa ba, domin a wurinsa duk tsarin abu ɗaya ne da aka nema a dunƙule, ba a fita daga iyakarsa ba. Abin da ke bin filin kuwa `delayed_work` ne, wanda bayan bayit 24 na farko yake ɗauke da manunin fankishan ɗin da kanel zai kira. Bayit huɗu na wannan manunin sun koma hannun na'urar waje. Wanda ya kama shi shi ne `CONFIG_FORTIFY_SOURCE`, da na kunna a gini na biyu: tun 6.1 yana yin gargaɗi in `memcpy` ya tsallake daga fili zuwa fili. Shi FORTIFY ɗan gida biyu ne. Kwamfaila ce ta san girman filin tun lokacin gini, sannan aka dasa binciken da zai kwatanta shi da tsayin da ya zo lokacin aiki. A lura dai, gargaɗi kawai yake yi a wannan yanayin, ba ya hana kwafin.

Gyaran layi uku ne: a auna tsayin da `actual_length` na URB, a auna shi da girman filin, in ya wuce a jefar da saƙon.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ɗalibar da ta zo sanin makamar aiki a wurinmu ce ta jawo wannan. Ta ce, "Malam, a asibiti ai masu shara za su riƙa ture wayar nan. Me zai faru in ta zare yana tsakiyar karatu?" Na ba ta rubutun da ke soka ma'aunin bogi yana zarewa ba ƙaƙƙautawa, na ce ta bar shi ya kwana.

Da safe muka tarar da `slab-use-after-free`. Rahoton KASAN ya zo da sawu uku: inda aka taɓa memorin, inda aka nemo shi tun farko, da inda aka sake shi. Da su a gabana minti ashirin ya ishe ni. A `disconnect` na soke aikin da ke jiran lokaci da `cancel_delayed_work`, wanda ba ya jiran aikin da ya riga ya fara tafiya, sannan na kashe URB daga baya. URB ɗin kuwa in ya kammala shi ke sake tsara wannan aikin. To in zarewar ta faɗo a daidai wani ɗan taƙaitaccen lokaci, sai a saki tsarin bayanan, aikin ya farka ya taɓa abin da ba namu ba. Na juya jerin: `usb_kill_urb` da farko, `cancel_delayed_work_sync` na biye, da tuta mai hana aikin sake tura URB, sannan saki.

Kowane layi a nan daidai yake in ka karanta shi shi kaɗai. Kuskuren yana cikin wa ya riga wa, tsakanin zare biyu da ke tafiya a ƙwaƙwalwa biyu. Irin wannan tseren yana iya daɗewa a ɓoye ko da a kod ɗin da idanu suka fi yawa a kansa. Ɓarakar Dirty COW da aka toshe a Oktoban 2016 tsere ce ita ma, kuma tun 2007 take zaune a kanel.

Sau dubbai aka zare aka soka kafin ya faɗo sau ɗaya. Abokin aikina bai ce komai ba, ya dai rubuta sakamakon a allon ofis da babban baƙi.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Gyaran makon jiya ya haifi nasa kuskuren. Don kare tutar da na ƙara, na sa `mutex` a cikin fankishan ɗin kammala URB, wanda ke tafiya a yanayin da ba a yarda a yi barci ba. `CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP` ya kama shi a saƙo na farko. Na mayar da shi `spinlock`.

Lockdep, mai sa ido a kan jerin ɗaukar kwaɗo irin su `mutex`, na Ingo Molnar tun 2.6.18 a 2006, ya nuna wani abu dabam: hanyar karatu ta hwmon tana ɗaukar kwaɗo biyu a jeri ɗaya, hanyar `ioctl` tana ɗaukarsu a juye. Na'urar ba ta taɓa maƙalewa ba. Lockdep ya ga jerin farko da safe, ya ga na biyu da rana, ya haɗa lissafi ya ce wata rana za su yi karo. Ban san a wane shafi zan rubuta shi ba a littafin gardamarmu, domin lokacin aiki yake kallo amma hukuncinsa a kan abin da bai faru ba ne.

Abin tunawa ga wanda zai gaje ni: lockdep yana kashe kansa bayan rahoto na farko, KASAN ma rahoto ɗaya yake bayarwa sai an sa `kasan_multi_shot`. Shirun da ya biyo bayan rahoton farko ba shaidar lafiya ba ne.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ya fara, aiki ya koma bayan tarawihi. Tambayar wannan makon ita ce wadda ta fi damuna tun farko: me za mu bari a kunne a akwatin da zai tafi ƙauye, inda babu wanda zai karanta `dmesg`, wurin da kanel ke rubuta rahotanninsa?

KASAN ba zai je ba. Inuwarsa kaɗai za ta cinye megabayit 64 cikin 512, ban da nauyin da yake ɗora wa kowane taɓa memori. An yi KFENCE don wannan gurbin, ya shiga 5.12 a 2021. Shi ba ya gadin kowa da kowa. A saitinsa na asali, duk bayan milisakan 100 yana ɗaukar nema ɗaya ya ajiye shi a shafinsa shi kaɗai, da shafukan tarko hagu da dama, har guda 255, duka a megabayit 2. Arha ne ƙwarai, na kunna shi. Amma ba na yaudarar kaina. Dabararsa ta dogara ne da yawa: mai na'urori dubu ɗari, ko ba jima ko ba daɗe ɗaya za ta faɗa tarko. Mu akwatuna talatin za mu fara da su, kuma tsarin bayanan direbanmu sau ɗaya ake nemansa, lokacin da aka soka waya. Da wuya ƙuri'a ta faɗo kansa.

Waɗanda na fi dogara da su su ne masu tsayawa a kowane lokaci: FORTIFY, `HARDENED_USERCOPY`, `UBSAN_BOUNDS`, `STACKPROTECTOR_STRONG`, `SLAB_FREELIST_HARDENED`, da `INIT_ON_ALLOC_DEFAULT_ON`. Yawancinsu sun samu shiga ne ta ƙoƙarin shirin kare kanel da kansa da Kees Cook ya fara a 2015. Na auna, ban ga bambancin da zai dame mu ba, tun da akwatin saƙo ɗaya yake karɓa a daƙiƙa.

Sai tambaya mai wuya: in mai gadi ya kama abu, me za a yi? A ci gaba da tafiya da kanel ɗin da aka san ya gurɓace, ko a faɗi a tashi? Shugaban aikinmu ya ji kalmar faɗuwa ya ɗaure fuska. Na ce, "Yallaɓai, firjin ba ya jiran akwatinmu kafin ya yi sanyi. In akwatin ya faɗi ya tashi, mun rasa ƙasa da minti ɗaya. In ya ci gaba da memori a ɓace yana aiko mana da cewa komai lafiya alhali firji ya mutu, alluran yaran gari guda muka rasa." Ya yarda. Mun sa `panic_on_oops` da sake tashi bayan daƙiƙa goma, da `ramoops` don ya adana rahoton ƙarshe a wani yankin memori da ke tsira daga sake tashi. `panic_on_warn` kuwa mun bar shi a kashe, don kada gargaɗin wani direban da ba namu ba ya riƙa kayar da akwatin.

Da na'urar ce ke riƙe da injin firjin, da amsata ta bambanta.

A nan na tuna abin da ya faru ranar 19 ga Yulin 2024, da sabuntawar CrowdStrike ta kayar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft. Rahoton kamfanin da kansa ya ce an tsara a karanta filaye 21, aka kawo 20. Suna da mai tantance fayil kafin a tura shi, shi ma yana da nasa kuskuren, ya bar fayil ɗin ya wuce. A cikin direban kuma babu binciken iyaka lokacin aiki, don an dogara da cewa an riga an tantance. Daga cikin gyaran da suka yi har da ƙara wannan binciken.

Alhamis, 20 ga Maris

KMSAN, mai kama amfani da memorin da ba a zuba masa komai ba, ya shiga 6.1. Sai da Clang, ba ya aiki a arm64, ba ya kuma zama a gini ɗaya da KASAN, saboda haka na yi masa gininsa daban a QEMU. Kiran `ioctl` na farko ya ba da `kernel-infoleak`. Tsarin da nake mayar wa manhaja yana da fili mai bayit ɗaya sai mai huɗu, kwamfaila ta bar giɓin bayit uku a tsakani, ni kuma na cika filayen ɗaya bayan ɗaya ban share tsarin ba. Bayit uku na ragowar abin da ke tarin kanel suna fita waje a kowane kira. Da irin waɗannan guntayen ne mahari ke gano inda aka ajiye kanel a memori.

Wani abu ya riƙa yi mini yawo a rai, na koma rahoton Smatch na Janairu. Yana nan, na bakwai cikin sha ɗaya: a duba kada wannan tsarin ya fitar da bayani, akwai giɓi bayan filin farko. A gefensa da rubutuna, "ba matsala". Kusan wata biyu ke nan da aka gaya mini. Na karanta shi a ƙarshen dare, bayan shida da suka zama na ƙarya, na wuce.

Na sake bin sauran takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, da rana, tare da ɗalibar nan tana tambayata dalili a kan kowanne. Takwas ɗin na ƙarya ne da gaske. Daga yau ba a rufe gargaɗi a wannan aikin sai an rubuta dalilin a cikakkiyar jimla, wani kuma ya sa hannu.

Talata, 8 ga Afrilu

Hutun Sallah ya ba ni damar karatu, na duba wurare biyu da aka kai tantance rubutu maƙura.

Na farko mai tantance eBPF, tsarin da ke barin a sa ƙananan manhajoji su yi aiki cikin kanel, wanda ke zaune a cikin kanel yana bin kowace hanyar da ƙaramar manhaja za ta iya bi kafin ya bar ta ta shiga. Shi saɓanin Smatch ne, in ya yi shakka ƙi yake yi. Duk da haka shi kansa kod ne da mutane suka rubuta. A ƙarshen 2017 Jann Horn ya gano kuskuren lissafi a cikinsa da ke bai wa mai amfani na gama-gari ikon kanel. Da Spectre ta bayyana a Janairun 2018, mai tantancewar ya koma yana dasa wasu kariyoyi a cikin manhajar da ya riga ya amince da ita, su yi aiki lokacin da take tafiya.

Na biyu seL4, ƙaramin kanel da masu bincike a Ostareliya suka tabbatar da ingancinsa ta hujjar lissafi a 2009: layin C kimanin 8,700, hujja kimanin layi 200,000, aikin da ya ci kusan shekarun mutum 20. Linux ya kai layi miliyan 40 a farkon 2025, ba a maganar yi masa haka. Amma ba adadin ne ya tsaya mini a rai ba. Abin da ya sa seL4 ya yi ƙanƙantar da za a iya tabbatar da shi shi ne direbobinsa duk a waje suke.

Na kai wa abokin aikina wannan, sai ya yi mini tambayar da ta kamata a yi tun Nuwamba: "To Injiniya, me direbanmu yake yi a cikin kanel?" Amsar gaskiya ita ce ina son sauƙin hwmon, kuma haka na saba. Na'urar da ke aiko bayit 64 a daƙiƙa ba ta buƙatar wannan matsayi. Na duba Rust ma, wanda ke hana amfani bayan saki tun lokacin gini, yake kuma auna iyakar jeri lokacin aiki, amma a 6.12 babu hanyar rubuta direban USB da shi a babban kanel.

Shawarar da muka yanke: fassara saƙonni da duk `ioctl` za su fita zuwa manhajar waje, marar ikon shugaba, a ƙarƙashin seccomp, mai taƙaita abin da manhaja za ta iya nema a wurin kanel. A zubin farko direba zai rage mai miƙa ɗanyen saƙo kawai. A zubi na biyu za mu gwada libusb, mai barin manhajar waje ta yi magana da USB da kanta, mu ga ko za a iya cire shi ɗungurungum.

Asabar, 26 ga Afrilu

Direba ya koma layi ɗari uku da arba'in. Sparse, Smatch da Coccinelle suna bi ta kansa a duk canji kafin a haɗe. Ginin KASAN da lockdep yana kwana da ma'aunin bogi kullum, na KMSAN ranar Asabar. Na ƙara wa ma'aunin bogi dabarar watsa tarkacen saƙonni barkatai, kwana tara ke nan babu rahoto. KCSAN, mai farautar tsere, ban kunna shi ba tukuna, yana jerin mako mai zuwa.

Akwatuna shida na farko sun tafi ranar Litinin. Biyar suna aiko da saƙo yadda ya kamata. Na shida ya mutu ya tashi sau biyu ranar Alhamis, duka tsakanin ƙarfe biyu da uku na rana. Na jawo `ramoops` ɗinsa ta layin waya, babu komai a ciki. In kanel ne ya faɗi da ya bar rahoto, tun da memori ba ya gogewa a irin wannan tashin. Wofi na nuna ko dai wuta ce ta yanke wa allon gaba ɗaya, ko kuma ya sandare har agogon tsaro ya sake kunna shi bai samu damar rubuta komai ba. Ɗakin rufin kwano ne, kuma Afrilu muke ciki. Ina zargin ƙaramin mai rage wutar da ke ciyar da allon, amma ban cire sandarewa daga lissafi ba.

Ranar Talata zan bi motar kai allurai in je da kaina, da ma'aunin wuta, da allo na biyu da na kunna wa masu gano sandarewar kanel, in bar su gefe da gefe su yini a ɗakin.